Giyar da Ba Ni Na Dafa Ba

Jaro, Iloilo
9 ga Nuwamba

Zuwa ga matata Luz, langgata, masoyiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya tsayuwar asibiti, yaya sanyin garin Cork da kika ce ya fara shiga ƙashi? Ina fatan ciwon ƙafar nan ya sake ki. Tsohuwarmu Nanay Pilar tana lafiya. Tana shan maganin hawan jininta idan na tsaya a kanta, ina juya baya kuma ta koma ga busasshen kifinta mai gishiri. Ta ce in gaishe ki, rigar sanyin da kika aiko mata ta yi kyau, sai dai ba ta san ranar da za ta sa ta a zafin garin nan ba.

Za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna, tunda ko jiya mun yi magana a waya. Abin da zan faɗa miki ne na kasa faɗarsa ina kallon fuskarki. Zan ɗauki hoton takardar in tura miki, ki karanta lokacin da kike ke kaɗai.

Da farko ina roƙonki ki daina nuna wa abokan aikinki hoton nan da nake riƙe da kofin gasa. Jiya da kika ce kin nuna wa har babbar nas ɗinku, kina dariya kina cewa mijinki ya doke duk masu dafa giyar Iloilo, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kin san yadda gasar take. Madam Jocelyn Tupas, mai ƙaramin kamfanin da ke yin giyar Tikling, ta ce wa ƙungiyarmu ta masu dafa giya a gida kowa ya gwada kwaikwayon giyarta. Wanda tasa ta fi kama da ta ainihi, za a dafa tasa lita ɗari biyar a manyan tukwanen kamfanin, a sayar a bikin garinmu na Dinagyang a watan Janairu da sunansa a jiki. Kwaikwayon Tikling ba wasa ba ne. Giya ce marar nauyi, mutum zai sha kwalba uku yana hira bai fita hayyacinsa ba, amma ƙamshin furen hop a cikinta kamar an ɓare mangwaro da lemon tsami a gaban hancinka. Giya mai nauyi tana ɓoye kuskuren mai dafa ta. Irin wannan kuwa, ɗan kuskure kaɗan sai harshe ya kama shi.

Wata huɗu muna gwaji ni da dattijonmu Manong Crispin, kowa a gidansa, ranar Lahadi bayan coci mu haɗu mu ɗanɗana wa juna. Ba sai na tuna miki ba, shi ya koya mini komai, tun daga yadda ake jiƙa tsiron sha'ir har yadda ake sanin yis ya gama aikinsa. A gwaji na shida, da furen hop ɗin da kika aiko mini, na matso kusa ƙwarai. Daga nan bakina ya buɗe. Na shiga gaya wa 'yan ƙungiya su daina wahalar da kansu, har Boyet, sarkin tsokanar ƙungiyar, ya laƙaba mini Farfesa, ni kuma ina jin daɗin sunan.

Tukunyar gasar na dafa ta da sauran hop ɗinki gaba ɗaya. Ranar da zan juye ta a ɗaya jarkar, ana wasan ƙwallon kwando na unguwa, ina sauri. Tiyon da nake juyewa da shi na ɗauraye shi da ruwan famfo kawai, ban jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Na san ba daidai ba ne, na ce sau ɗaya ba zai yi komai ba. Saura kwana biyar gasa na buɗe jarkar, na tarar da wata farar yana ta rufe samanta. Na ɗanɗana, tsami kamar ruwan tsamiya. Lita ashirin, Luz, da hop ɗin da kika hau mota awa biyu a ranar hutunki kika je kika sayo.

Da na tsaya nan, da abin dariya ne kawai. Amma na yi ta jin muryar Boyet a kunnena yana tambayar ina giyar Farfesa. Ranar Alhamis na hau babur na tafi wani kanti can Mandurriao inda ba a san ni ba, na sayi Tikling kwalba shida. Na sa su a firji tare da kwalabena har suka yi sanyi ƙarara, na tsiyaye su a hankali cikin nawa, na buga musu murfi, na manna lambata. Nanay tana falo tana kallon talabijin, ta leƙo ta ce Allah ya ba da sa'a.

Na gaya wa kaina so nake kawai in tsira daga tsiya, in zo na huɗu ko na biyar, tunda giya in an juye ta tana rage ƙamshi. Ban yi tunanin zan ci ba. Alƙalai uku suka ɗanɗana ba su san ta wane ce ba, Madam Tupas tana cikinsu. Da aka kira lambata sai ta miƙe a gaban mutane ta ce wannan ta ma fi tata laushi a baki. Manong Crispin ya zo na biyu, maki ɗaya tsakaninmu. Shi ya fara tasowa ya rungume ni, kuma shi ya ɗauki hoton da ke hannunki.

Kwana bakwai ke nan kofin yana kan firji, ban iya kallonsa ba. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ki yi mini faɗa yadda kika ga dama.

Ki gaida Rowena da sauran 'yan gidanku. Allah ya tsare mini ke.

Mijinki,
Efren

Jaro, Iloilo
18 ga Nuwamba

Zuwa ga Luz,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kin samu kin huta bayan doguwar ranar aikin nan da kika yi. Mu nan lafiya, ruwan sama ya yi sauƙi, aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya fara shigowa saboda otal-otal suna shirin Kirsimeti.

Na samu saƙonki, layi uku. Na karanta ya fi sau ashirin. Da kin zazzage ni da ya fi mini sauƙi a kan wannan ɗan gajeren abin da kika rubuta, cewa ba hop ɗin ne ya dame ki ba, tsohon nan ne, kuma in je in gaya masa kafin in sake kiran wayarki. Kin yi gaskiya. Na je ranar Lahadi, amma ban faɗa ba.

Na shirya maganar tun a kan babur. Ina isa na tarar ya kunna gawayi a tsakar gida, ya gasa kaza biyu, ya kira maƙwabtansa. Ya gabatar da ni ga kowa da cewa ga ɗalibin da ya kayar da malaminsa. Wani maƙwabcinsa ya tsokane shi wai ashe dai tsufa ya zo, ya ce ai wannan shi ne ribar koyarwa, duk wanda ɗalibinsa bai wuce shi ba bai koyar da komai ba. Ya yi ta tura mini cinya a faranti. Na ci, Luz.

Bayan mutane sun watse ya gaya mini abin da ban sani ba. Takardunsa sun fito, 'yarsa za ta zo ta tafi da shi Kanada a watan Fabrairu. Ya ce wannan ce gasarsa ta ƙarshe, kuma ba zai ɓoye mini ba, ya so ƙwarai ya ga sunansa a jikin famfon giya sau ɗaya kafin ya bar garin da aka haife shi. Shekara talatin yana dafa wa mutane abinci a jirgin ruwa, ba a taɓa rubuta sunansa a kan komai ba. Sai ya yi dariya ya ce amma tunda a gida abin ya tsaya, ba komai.

A nan ya kamata in yi magana. Sai ya ɗauko littafinsa da tabarau, ya ce in karanto masa yadda na haɗa ta, yana so ya dafa irinta da hannunsa ya gane inda na fi shi. Na karanto masa awon tukunyar da ta lalace, nawa ne tsiron, nawa ne hop, minti nawa a wuta. Yana rubutawa a hankali, yana sa ni ina maimaitawa. Jiya ya turo mini hoto, har ya dafa.

Ga shi na ɗora ƙarya ta biyu a kan ta farko. Madam Tupas ma ta aiko a tambaye ni yadda nake so a rubuta sunana, na ce zan yi tunani.

Ba zan kira ki ba tunda ban cika sharaɗinki ba. Nanay tana tambayar me ya sa kwana biyu ba ta jin muryarki a wayata, na ce mata aiki ne ya yi miki yawa. Ki kira ta a tata don Allah, ita ba ta yi laifin komai ba.

Naki, duk da haka,
Efren

Jaro, Iloilo
15 ga Disamba

Zuwa ga matata Luz,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan murar da Nanay ta ce ta ji a muryarki ta wuce. Ki riƙa shan ruwan citta, ki daina fita da jiƙaƙƙen gashi. Za mu fara zuwa addu'ar asuba ta kafin Kirsimeti gobe in Allah ya yarda, Nanay ta riga ta goge kayanta.

Na faɗa, Luz. Ga yadda aka yi.

Ranar Laraba ta makon jiya Manong Crispin ya kira ni ya ce in zo. Giyar da ya dafa da awona ta nuna. Ya zuba mana ita, ya zuba Tikling ta kanti a gefe. Tasa ta yi daɗi, amma ko yaro ya san ba ɗaya ba ne, ta fi duhu kaɗan, ƙamshinta kuma ya fi karkata ga ciyawa. Ya ce ya bi abin da na karanto masa ɗaya bayan ɗaya, ya auna komai sau biyu, ga abin da ya fito. Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. Sai ya ce to ya gane, ba awon ba ne, shi ne, hannu ya tafi harshe ma ya tafi, gara da abin ya zo daidai lokacin tafiyarsa. Ya kai ni bayan gida ya nuna mini tukunyarsa ta ƙarfe, da injin niƙan tsironsa, da jarkokinsa, duk ya wanke ya jera. Ya ce in zo da mota in kwashe, wanda ya iya shi ya kamata ya riƙe su.

Na iya jure yabo, na iya jure kaza, amma wannan na kasa. Na gaya masa a tsaye a wurin, tun daga tiyon har kantin Mandurriao. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Bai yi ihu ba. Ya cire tabarau ya goge da rigarsa ya mayar. Ya ce, "Toto, yarona, da ka kawo mai tsamin nan wurin gasa, da na zauna kusa da kai mun shanye ta tare, su yi ta dariyarsu." Daga nan ya ce, "Kwana ashirin da huɗu ina zargin harshena." Ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Na tsaya kaɗan, na ga ba zai fito ba, na tafi.

Ranar Asabar aka yi taron ƙungiya a harabar kamfanin. Na tafi da kofin a cikin jakar leda. Kafin a fara komai na miƙe na ajiye shi a kan tebur na maimaita labarin a gaban mutum goma sha tara. Na yi zaton Boyet zai samu abin yi, amma ko shi kallon takalminsa kawai ya yi ta yi. Wannan ya fi tsiyarsa ciwo.

Madam Tupas ta fara yin wata 'yar dariya, sannan fuskarta ta canza. Ta ce wato a gaban jama'a ta ɗanɗana giyarta ta ce ta fi tata. Ta ce shekara takwas tana gina sunan harshenta a garin nan, na mai da ita abin ba'a da kwalba shida. Ban taɓa tunanin wannan ɓangaren ba, Luz. Ina ta lissafin abin da na yi wa Manong, ban ga cewa ita ma na ci mata mutunci ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ta ji, amma kar in sake taka harabarta sai ta neme ni.

Ƙungiya ta dakatar da ni shekara guda. An miƙa wa Manong Crispin kofin. Da farko ya ƙi karɓa, ya ce ba ya son abin da ya kwana a gidan wani, sai da Madam Tupas ta ce masa ba kyauta ake masa ba, makinsa ne. Ranar Juma'a mai zuwa za su dafa tasa a manyan tukwane. Ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba.

Na gaya wa Nanay ma, don kar ta ji a kasuwa. Ta ce ita da ta yi mini addu'ar sa'a a ranar ashe da ita aka yi satar. Tun daga nan in ta zuba mini abinci sai ta ajiye ta koma falo.

Ban ji sauƙin da ake cewa mutum yana ji in ya faɗi gaskiya ba. Kunya ce dai, sai dai yanzu ta fito fili, duk wanda na haɗu da shi a hanya sai in ga kamar ya sani. Amma na cika sharaɗinki. In kin yarda zan kira ki ranar Lahadi bayan kin tashi daga aiki. In ba ki ɗauka ba zan gane.

Allah ya ba ki lafiya, ya kai mu Kirsimeti.

Mijinki,
Efren

Jaro, Iloilo
28 ga Janairu

Zuwa ga langgata Luz,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin tashi lafiya. Na ji daɗin hirarmu ta ranar Talata, musamman da kika yi dariya, ko da yake ni kike yi wa. Nanay tana gaishe ki, ta koma zama da ni a tebur, har tana satar mini kifi a faranti. Kin ce in rubuto miki yadda bikin ya kasance tunda a waya ina tauna magana, to ga shi.

Ban yi niyyar fita ba. Tun safe ganguna ke tashi daga cikin gari, ina zaune ina kwance wata tsohuwar fanka da ba ta buƙatar gyara. Wajen ƙarfe uku Nanay ta ce in tashi in je, ɓuya ba tuba ba ce, kuma na ishe ta da ƙarar sukudireba.

Rumfar kamfanin tana kusa da bakin kogi. Tun daga nesa na hango allon, an rubuta Crispin Gallego da manyan baƙaƙe, a ƙasa an sa shekara sittin da takwas, ɗan Jaro. Yana tsaye bayan famfon da farar riga irin ta masu dafa abinci a jirgi, 'yarsa da ta riga ta iso tana gefensa tana ɗaukar hoto. Layi ya kai mutum talatin. Sau biyu ina shiga layin ina fita. A na uku wata mata ta riƙe mini wuri ta ce in tsaya waje ɗaya, ina sa ta jiri.

Da na iso gabansa ya dube ni kamar kowane mai saye. Na miƙa peso ɗari da hamsin, ya karɓa ya ba 'yarsa, ya cika kofi ya tura mini. Madam Tupas tana can ciki, ta gan ni, ta ci gaba da abin da take yi. Na koma gefe bakin turken rumfar na sha.

Ta yi kyau, Luz. Ƙamshin ya fito, launin ya yi daidai, ga ta da sauƙin sha a wannan zafin. Sai dai a ƙarshe akwai ɗaci da ke maƙalewa a bayan harshe ya daɗe bai sauka ba, ina jin hop ɗin farko ya yi yawa da aka koma babbar tukunya.

Ina cikin sha sai na ga Manong ya ba wani famfon ya zagayo. Ya tsaya a gabana yana goge hannu da tsumma, ya tambaye ni yaya na ji ta. Wata ɗaya da rabi ke nan bai yi mini magana ba. Bakina ya riga ya buɗe zan ce babu kamarta, ai ranarsa ce, kuma ni wane ne da zan kushe. Sai na tsaya. Na ce masa ƙamshin ya yi, amma ɗacin ƙarshen ya wuce na Tikling, yana kama harshe.

Ya ƙura mini ido har na fara nadamar maganar. Sai ya karɓi kofin daga hannuna ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya miƙo mini. Ya ce, "Tun safe na ji shi. Mutum ɗari sun sha, kowa sai ya ce mini ba ta da aibu, har na fara zargin kaina kuma." Ya waiga ya ga layin, ya ce in zo gida ranar Lahadi da littafina mu lissafa inda aka yi kuskuren, amma kar in sa rai da kaza.

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Jirginsu ranar goma sha ɗaya ga Fabrairu ne, Lahadi biyu ke nan suka rage mana. Kayan dafawarsa ya riga ya ba Boyet, kuma hakan ya yi daidai.

Ki kula mini da kanki, ki rubuto ranar da hutunki zai fara don in nemi wanda zai riƙe mini shago.

Mijinki mai ƙaunarki,
Efren